Ikon Cewa "Albarka": Sharhi kan Sadaka da Cinikin Adalci

A shekarar 1946 wata Ba'amurkiya mai suna Edna Ruth Byler, 'yar ɗarikar Kiristocin Menonayit, ta kai ziyara tsibirin Puerto Rico. Can ta tarar da mata gwanayen aikin zare da allura, ga hannu ga haƙuri, amma babu masu saye. Sai ta kwaso samfurin aikinsu ta koma gida, ta zuba a but ɗin motarta, ta riƙa bin ƙawaye da tarukan matan coci tana talla. Wannan tallan bayan mota shi ne ya girma ya zama shagunan da tun 1996 ake kira Ten Thousand Villages, kuma daga nan masu tarihin cinikin adalci kan fara ƙirgarsu.

To, abin da matar nan ta yi, sadaka ce ko ciniki? Matan da suka saya, kayan ne suka burge su ko lada suke nema? Shekara kusan 80 ke nan tambayar tana bin wannan tafiya. Yau miliyoyin mutane a Turai da Amurka suna ba ƙungiyoyin da ke tallafa wa manoma da masu sana'ar hannu gudummawa, ko su biya ƙari a kan gahawa da cakulan mai ɗauke da tambarin Fairtrade, suna sa rai kuɗin zai isa hannun wanda ya yi gumin. Mu kuma muna ɓangaren da ake aiko wa taimakon. Ya kamata mu san yadda abin yake aiki, da inda yake yoyo.

Coci-coci da ƙungiyoyin agaji ne suka yi renon tafiyar. A 1949 aka kafa SERRV a Amurka don sayar da kayan hannu na 'yan gudun hijirar Turai bayan yaƙin duniya na biyu. Wajen ƙarshen shekarun 1950 Oxfam ta fara ajiye aikin 'yan gudun hijirar Sin a shagunanta na Ingila. A 1968, a taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan ciniki da ci gaba da aka yi a Delhi, ƙasashe matalauta suka ɗaga murya cewa sun fi buƙatar a buɗe musu kasuwa a kan a riƙa miƙo musu agaji. Shekara guda bayan haka aka buɗe shagon farko na irin waɗannan kaya a ƙasar Holan, a garin Breukelen.

Babban juyin ya zo ne daga tsaunukan Oaxaca a kudancin Meksiko. Wani limamin coci ɗan Holan, Frans van der Hoff, yana zaune cikin manoman gahawa 'yan asalin wurin, waɗanda suka kafa ƙungiyar gama kai mai suna UCIRI. 'Yan barandar da ke tare su a ƙauye su saye amfanin gonarsu a wulaƙance, manoman kan kira su da sunan koyote, wata dabbar daji dangin dila. Saƙon manoman ga masu ba su agaji a Holan bai da kwana-kwana: da za a sayi gahawarsu a kan darajarta, da ba su nemi agajin kowa ba. Van der Hoff da Nico Roozen na ƙungiyar Solidaridad suka fito da dabara a 1988. Maimakon a tsare kayan a 'yan shagunan coci, a manna wa ƙunshin gahawar tambari, a shigar da ita manyan kantuna inda kowa ke sayayya. Suka raɗa wa tambarin suna Max Havelaar, sunan wani littafin ƙagaggen labari na 1860 da ya tona zaluncin Turawan Holan a kan manoman tsibirin Jaba. Shekara ɗaya kacal da yin haka yarjejeniyar da ke daidaita kasuwar gahawa ta duniya ta wargaje, farashi ya ruguje, har a 2001 laba ɗaya ta koma ƙasa da santi 50 na dalar Amurka. A irin wannan lokaci ne tambarin ya nuna amfaninsa. A 1997 ƙungiyoyin tambari na ƙasashe dabam-dabam suka haɗu ƙarƙashin inuwa guda a birnin Bonn na Jamus, wadda ita ce Fairtrade ta yanzu.

Tsarin ba shi da wuyar fahimta ga duk wanda ya taɓa cin kasuwa. Akwai farashin ƙasa wanda mai saye ba zai sauka daga kansa ba ko da kasuwa ta faɗi. In kasuwa ta haura shi, a biya na kasuwa. Wankakkiyar gahawa samfurin arabika ta daɗe a kan dala 1 da santi 40 kowace laba tun 2011, sai a watan Agustan 2023 aka mai da ita dala 1 da santi 80. Koko, wato 'ya'yan itacen da ake yin cakulan da su, an ɗaga nasa daga dala 2,000 zuwa 2,400 kowane tan a Oktoban 2019. A bisa wannan akwai kuɗin ɗori: santi 20 a kan labar gahawa, dala 240 a kan tan na koko a ƙa'idar 2019. A kasuwarmu mai sayarwa ne ke yin gyara. A nan mai saye ne ke yi, kuma gyaran yana shiga asusun ƙungiya ne, sai mambobi sun yi taro sun yanke ko rijiya za a haƙa, ko sito za a gina, ko a raba kowa ya sa aljihu. Ƙungiya na iya neman a ba ta wani kaso na kuɗin kaya kafin girbi. Ita kuma ta ɗauki alkawarin zaɓen shugabanni, da hana bautar da yara, da barin wasu magungunan feshi masu haɗari, kuma masu binciken wani kamfani mai suna FLOCERT kan zo su duba.

Ina sadaka ta shigo ke nan, tunda duk wannan ciniki ne? Ta shigo ta ƙofofi biyu, kuma mutane kan gauraya su. Ta farko ita ce ƙarin da mai sayayya ke biya a kanti. Nan ne yoyon ya fi yawa, domin Fairtrade ba ta ƙayyade farashin kanti. Mai kanti na iya ɗora abin da ya ga dama a kan ƙunshin da ke da tambari, manomi kuwa santi 20 ɗinsa dai zai samu. Wanda burinsa kawai kuɗi ya isa hannun talaka, gara ya aika kai tsaye, kamar yadda ƙungiyar GiveDirectly ke tura wa magidanta kuɗi ta wayar salula a Kenya da wasu ƙasashe. Ƙofa ta biyu ita ce gudummawar da ke biyan abin da kasuwa ba ta biya: kuɗin kafa ƙungiya, horar da ma'aji da magatakarda, sayen sikeli, ginin sito, kuɗin rajista da na bincike waɗanda manoma da kansu ke biya kafin a ba su tambari. A wannan ƙofar nake ganin alherin yake.

Dalilina yana cikin kalma ɗaya da kowane ɗan kasuwarmu ya sani. In an taya maka kaya tayin bai yi maka ba, sai ka ce "albarka", mai saye ya ƙara ko ya wuce. Ciniki yana zama ciniki ne muddin mai kaya na iya faɗin wannan kalma. Manomin da bashi ya sha masa kai, ga ciwo a gida, ga amfanin gona da zai lalace in ya kwana uku a waje, ga mai saye ɗaya tal da ke shigowa ƙauyen da mota, ba shi da bakin faɗinta. Duk abin da aka taya, sallamawa zai yi. Talaucinsa a nan yake, fiye da a ƙarancin buhunan da ya noma. Kyautar da ta saya masa damar jira mako shida, ko ta kawo masa mai saye na biyu, ta taɓa tushen ciwon. Wadda ta ba shi buhun shinkafa ta bar shi gaban dillali kamar jiya, ta kashe yunwar yini ne, kuma wannan ma lada ne, amma wani aiki ne dabam.

Misalin da ya fi nuna wannan yana kusa da mu, a Gana. Da gwamnatin ƙasar ta buɗe wa 'yan kasuwa damar sayen koko daga hannun manoma a farkon shekarun 1990, wasu manoma suka ce su ma za su zama masu saye. A 1993 suka kafa Kuapa Kokoo, mai hedkwata a Kumasi, da tallafin wata ƙungiyar Birtaniya mai suna Twin. Ma'anar sunan a harshen Twi ita ce manomin koko nagari. Abin da ya fara jawo musu jama'a sikeli ne. Manoma sun daɗe suna kukan cewa akawun sayen koko na murɗe ma'auni. Kuapa ta sa kowane ƙauye ya zaɓi mai awonsa daga cikin 'yan gari, kuma manomi na da ikon ya tsaya ya duba. Wannan kaɗai ya isa ya mai da wa mutum kilo biyu ko uku da ake yanke masa a kowane buhu.

Daga nan suka yi abin da ba a saba gani ba. A 1998 aka kafa kamfanin cakulan a Landan, wanda aka sani da Divine, Kuapa na riƙe da kashi ɗaya cikin uku na hannun jari, da wakilai a kujerun gudanarwa. Twin da kamfanin kayan shafa The Body Shop suka zuba jari, ƙungiyoyin agaji Christian Aid da Comic Relief suka mara baya. A 2006 The Body Shop ta ba Kuapa nata kason kyauta, hannun manoman ya kai kusan kashi 45 cikin 100. Ban san wata sadaka a tarihin wannan tafiya da ta fi wannan hikima ba, domin ta ba manomi rabo a inda ribar take. Ƙididdigar masu bin kasuwar koko kafin tashin farashin baya-bayan nan ta nuna abin da ke komawa ga manomi daga kuɗin sandar cakulan bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Sauran na masu sarrafawa ne da masu talla da masu kantuna. Amma labarin bai ƙare da guɗa ba. A 2020 kamfanin Ludwig Weinrich na Jamus, wanda dama shi ke haɗa cakulan ɗin a masana'antarsa, ya sayi mafi yawan hannun jarin, Kuapa ta koma kashi 20. Gogayya da manyan kamfanoni a kantunan Turai tana buƙatar jarin da ƙungiyar manoma ba ta da shi.

Masu sukar cinikin adalci suna da hujjoji, kuma wanda ke ƙaunar tafiyar ya fi kowa cancantar ya saurare su. A 2014 masu bincike daga makarantar SOAS ta Jami'ar Landan, ƙarƙashin Christopher Cramer, suka fitar da sakamakon aikin shekara 4 a Habasha da Yuganda. Sun bi 'yan ƙwadago ne, masu tsinkar gahawa da shayi da furanni a gonakin wasu. Suka gano cewa a yankunan da ke da tambarin Fairtrade ladan waɗannan leburori sau da yawa bai kai na sauran wurare ba. Fairtrade ta yi musu, ta ce an gwada ƙananan gonaki ne da manyan gandaye masu ƙarfin biya. Ko da an karɓi wannan uzuri, abin da binciken ya tono yana nan: mamban ƙungiya mai gona ne, kuma a ƙauye akwai wanda ke ƙasa da mai gona. Bazawarar da ke ƙwadago a gonar mamba ba ta da ƙuri'a ranar da ake yanke yadda za a kashe kuɗin ɗori. Wannan ya dame ni fiye da kowace suka, domin ita ce aka ɗora hotonta a takardar neman gudummawa.

Sai matsalar kasuwa. Samun tambari ba ya nufin samun mai saye. Ƙungiyoyi da yawa suna biyan kuɗin bincike a kan dukan amfaninsu, amma wani yanki kawai suke sayarwa a kan sharuɗɗan Fairtrade, ragowar ya tafi kasuwar kowa da kowa. Manyan kamfanoni kuma suna shiga su fita yadda suka so. Cadbury ya sa wa cakulan Dairy Milk tambarin a 2009, a 2016 ya sanar da komawa shirinsa na kansa mai suna Cocoa Life. Kantunan Sainsbury's suka yi irin haka da wasu nau'o'in shayinsu a 2017. Nestlé ya cire KitKat daga tsarin a 2020, manoman koko a Kodebuwa suka rasa kuɗin ɗorin da suka riga suka yi lissafi da shi. Wanda abincinsa ke rataye da niyyar wani kamfani a wata nahiya, shi ma bai gama samun bakin cewa albarka ba.

Masu sana'ar hannu nasu ciwon dabam ne. Gahawa ana shan ta kullum, ta ƙare a sake saye. Kwandon Bolgatanga ko zanen saƙa na Bangaladash, in mutum ya saya don tausayi, sau ɗaya zai saya. Sayen tausayi yana kuma ɓata hannu: masaƙin da aka karɓi aikinsa ko ya karkace, ba zai san abin da kasuwa ke so ba sai ranar da masu tausayin suka gaji. Kamfanin Traidcraft, wanda aka kafa a 1979 kuma ya zama ginshiƙin wannan ciniki a coci-cocin Birtaniya, ya durƙushe a Janairun 2023. Reshensa na agaji, wanda ya koma Transform Trade, yana nan da rai. Wato ɓangaren sadaka ya rayu, na ciniki ya mutu, alhali na cinikin ne ke sayen kayan masu sana'a. Maƙeran azurfa da dukawan Agadas sun ɗanɗana irin wannan ta wata fuska: kasuwarsu ta dogara da baƙi 'yan yawon buɗe ido, tawayen 2007 da matsalar tsaron da ta biyo baya suka ɗauke baƙin. Abin da irin waɗannan ke buƙata daga mai taimako shi ne wanda zai gaya musu gaskiya kan ƙira da awo da rini, da jarin sayen fata da azurfa kafin a biya su, da hanyar kai kaya ga masu saye fiye da ɗaya.

Akwai ma kyautar da ke karya sana'a kai tsaye. Tufafin da ake zubawa a akwatunan agaji a Turai da Amurka, mafi yawansu dila-dila ake ɗaure su a sayar, su sauka a Kantamanto ta Akara da sauran kasuwannin gwanjo. Talaka na samun sutura mai sauƙi, wannan gaskiya ne, amma tela da masaƙi su ke biyan kuɗin. Da Ruwanda ta ƙara harajin gwanjo don ta raya masaƙunta, Amurka ta dakatar mata da rangwamen shigar da tufafi na shirin AGOA a 2018. A nan ake gane iyakar tambari. Benin da Burkina Faso da Cadi da Mali sun kai kuka gaban Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2003 kan tallafin da Amurka ke ba manoman audugarta, wanda ke danne farashin duniya. Babu adadin riguna masu tambari da zai rama wannan asara. Gana da Kodebuwa, masu noma kusan kashi 60 cikin 100 na kokon duniya, da suka haɗa baki a 2019 suka ɗora dala 400 a kan kowane tan, sun taɓa kuɗin da ya zarce abin da kuɗin ɗori ke kawowa nesa ba kusa ba, duk da cewa masu saye sun yi ta neman hanyar zaftare shi ta wani gefen. Saboda haka gudummawar da ke tafiya ga masu fafutukar gyara dokokin ciniki ba ɓarna ba ce, ko da ba ta da hoton rijiya da za a nuna wa wanda ya bayar.

Ga mai karatu Musulmi, yawancin wannan ba baƙon abu ba ne. Akwai sura guda a Alƙur'ani da aka sa wa sunan masu tauye mudu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a tare fatake a bayan gari a saye kayansu kafin su shiga kasuwa su ji farashi, wanda shi ne ainihin aikin koyoten Oaxaca. Ya halatta cinikin salam, a biya manomi kuɗi tun kafin girbi bisa sanannen awo da sanannen lokaci. Abdurrahman bin Auf, da ɗan'uwansa na Madina Sa'ad bin Rabi'i ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, godiya ya yi ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa. Ƙungiyoyi kamar Shared Interest ta Newcastle, da aka kafa a 1990, da Oikocredit ta 1975, suna tara kuɗin jama'a su ranta wa ƙungiyoyin manoma don sayen amfanin mambobinsu a kan lokaci, sai dai rancen na da ruwa. Mu muna da salam da ƙiradi da waƙafi da bashi mai kyau, amma attajirinmu ya fi sabawa da rabon atamfa da hatsi da azumi a kan ya kafa wa ƙauyensu rumbun da zai hana manomi sayar da masara da arha a kaka ya dawo ya saye ta da tsada a tsakiyar damina.

Kaɗanya ce ta fi kawo zancen ƙofar gidanmu. Tun 1994 The Body Shop ke sayen man kaɗe daga ƙungiyar mata ta Tungteiya a arewacin Gana, kusa da Tamale, kuma kuɗin ɗorin ya gina rijiyoyi da azuzuwa da ɗakunan shan magani a ƙauyukansu. Mai suke sayarwa, wanda suka soya suka niƙa suka kirɓa da hannunsu, don haka ladan sarrafawa a wurinsu yake tsayawa. Amma su ma da reshen kamfanin na Birtaniya ya faɗa hannun masu warware bashi a Fabrairun 2024, sun ga haɗarin rataya ga mai saye guda.

A Najeriya, wadda ke kan gaba a duniya wajen yawan kaɗanya, gwamnati ta hana fitar da ɗanyar ƙwara na wata 6 a Agustan 2025, don a tilasta sarrafa ta a gida. Manufar tana da ma'ana, kuma ita ce darasin Tungteiya da na Divine. Sai dai dokar ta sauka a tsakiyar kakar ƙwara, masu sayen waje suka janye, farashi ya faɗi cikin 'yan kwanaki. 'Yan sari masu sito da jari suka rufe kayansu suka zauna jira. Matan da suka yi sammako daji suka tsinto ƙwarar, suka dafa suka shanya, a jihohin Neja da Kwara da Kabi, waɗanda ba su da ƙungiya mai sito ko asusun da zai ranta musu kuɗin cefane, sun kai kasuwa ranar da ta ci, an taya, sun sallama.